Burodin Tantabara da Tuwon Baƙo

Duk wanda ya taɓa saukar baƙo daga Arewa a unguwar New Bell ta Duwala ya san abin da ke faruwa a rana ta uku. Ranar farko ka sayo masa dogon burodin nan da Faransawa suka bar mana, ya haɗa da shayi ya yi godiya. Rana ta biyu makala da wake, ya ci ya yaba. Rana ta uku sai ka ga ya yi shiru yana juya cokali a kofi. Lafiyarsa ƙalau, cikinsa ma a cike yake. Tuwon dawa da miyar kuka yake marmari, kunya ta hana shi faɗa. Uwargida mai hankali ba ta jiran ya roƙa, tun da hantsi ta aika kasuwa.

Tsuntsun da ka ajiye a gidanka baƙo ne irin wannan, sai dai shi ko ba kunya ba shi da bakin faɗa. Abin da ka zuba masa shi ne rabonsa.

Ina da tantabaru goma sha biyu a bayan ɗakina. Da na fara kiwonsu, ragowar burodi nake tara musu a buhu, in jiƙa da ruwa in watsa. Suna ta wawaso, ni kuwa ina ganin na fita hakkinsu. Da damina ta yi nisa, cikin watan Agusta, sai gashinsu ya dusashe, suka riƙa takurewa a lungu, 'yan shila biyu suka mutu a mako guda. Ranar da Goggona ta zo gaishe mu, ta buɗe buhun ta shinshina, ta ɗago wani gutsure da ya yi kore-kore.

"Ɗan nan, kai za ka iya cin wannan?"

Na ce, "A'a, Goggo."

"To don me ka ba wanda ba zai iya ce maka a'a ba?"

Maganar nan ta zauna mini a zuciya. A Kano ko Garwa, in ka bar burodi sai ya bushe ya yi tauri kamar dutse. A Duwala kuwa, inda ruwan sama kan haura milimita 3,500 a shekara alhali na Kano bai cika kai 1,000 ba, iskar kanta a jiƙe take. Takalmin da ka ajiye ƙarƙashin gado ma yana fumfuna, balle burodi. Fumfuna kuwa kisa take yi. Wata tana shiga huhun tsuntsu, wata tana barin guba a cikin gyada da masara. A shekarar 1960, talo-talo kusan 100,000 suka mutu a Ingila, bincike ya gano garin gyada mai fumfuna ne sanadi. Gubar da aka gano a lokacin, aflatoksin, har ɗan Adam tana lalata wa hanta.

Ko da burodin bai lalace ba, bai isa abinci ba. An cire wa alkamarsa dusa, an zuba masa gishiri. Tsuntsun da ke rayuwa a kansa kamar yaron da aka raina da biskit da alewa ne: ba ya kukan yunwa, amma ka dubi gashin kansa da ƙwaurinsa.

Washegari Goggo ta ja ni kasuwar Mboppi. A can na ga yadda ake sayen hatsi da ilimi. Ta tsoma hannu har tsakiyar buhu ta ji ko da ɗumi, ta shinshina, ta ciji ƙwaya ta ji ko ta yi ƙas. Muka auni gero da dawa, irin waɗanda ake saukowa da su daga Arewa, da masara da ɗan wake. Gyadar da ta yamutse ko ta sauya launi, ɗaya bayan ɗaya ta tsince ta ta zubar, kamar yadda take yi in za ta dama wa jikokinta kunu.

A gida ta koya mini kwaɓin burodin tantabara. Gwangwani biyu na garin masara, ɗaya na gero da aka ɓarza ba a yi masa laushi ba, da rabin gwangwani na dafaffen wake da aka dama. Ƙwai biyu, har da ɓawonsu, bayan an tafasa ɓawon an daka shi ya zama gari, domin shi ke ƙarfafa ƙashi da ɓawon ƙwan da tantabara za ta saka. Sai dafaffiyar kabewa, da garin zogale, da cokali ɗaya na manja. Babu gishiri, babu sukari, babu magi. Ruwa kuwa da ido take auna shi, ido ba mudu ba ne amma ya san kima.

Gashin irin na matan unguwa ne in za su yi kek ɗin biki: a zuba yashi a gindin babbar tukunya, a ɗora bisa gawayi, a sa kwanon kwaɓin a kan yashin, a rufe, a ɗora 'yan garwashi bisa murfi. In ka soka tsinke ya fito a bushe, ya gasu. Sai a bar shi ya huce, a marmasa. Goggo ta gargaɗe ni da abu biyu. Na farko, a yi kaɗan, na kwana biyu kawai, abin da suka rage da yamma a share. Na biyu, kada burodin ya kori tsaba. Tantabara mai cin ƙwaya ce, tsabar ita ce tuwonta, burodin nan miya ne. A ajiye mata kuma ruwa mai tsabta da 'yar tsakuwa, da ita take niƙa hatsi a cikinta tunda ba ta da haƙori.

Ba kowane baƙo ake yi wa tuwo iri ɗaya ba. Maƙwabcina yana da aku mai toka-toka da jar wutsiya, ya yi shekara da shekaru a gidansu. Akun ɗan kurmin Kamaru ne, a daji 'ya'yan kwakwar manja na cikin abin da yake ci, don haka nasa burodin ana ƙara masa karas da kabewa, a haɗa masa da gwanda da ayaba. Irinsa kuma yana yawan fama da ƙarancin sinadarin ƙashi, ɓawon ƙwan nan yana yi masa amfani. Amma fiya, wadda muke shafawa a burodi da safe muna jin daɗi, tana iya kashe shi, haka ma cakulan da kofi. Abincin wani gubar wani. Tun 2016 ƙasashen duniya suka amince a taron Johannesburg a hana cinikin akun da aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe, saboda yadda ya yi ƙaranci. Kada mu sayi sabo, wanda ke hannu kuwa amana ne.

Bayan makonni kaɗan gashin tantabaruna ya dawo da sheƙi. Wata ta saka ƙwai biyu, ita da namijin suka yi ta karɓa-karɓar kwanci har kwana 18. Da aka ƙyanƙyashe, na zauna ina kallon yadda uwa da uba duka suke ɗura wa 'yan shila wani farin abu mai kauri daga maƙogwaronsu, kamar nono. Abin da na kwaɓa da hannuna shi ne ya bi jikinsu ya isa bakin 'ya'yansu.

Mu mutanen New Bell bai kamata a koya mana hakkin baƙo ba. Unguwar nan tun zamanin Jamusawa aka shata ta, daga baya ta zama masaukin duk wanda ya zo Duwala neman arziki. Kakanninmu sun iso bakin kogin Wuri da fatauci, suka tarar da ƙasar rogo da ayaba, wani ya ba su wuri, wata ta tuƙa musu tuwo irin na gida har suka kafu. Hadisin matar da ta kulle kyanwa ba ci ba sha kuwa, tun muna makarantar allo muke jin sa.

Yanzu kowace safiya bayan na dawo daga masallaci nakan buɗe musu ƙofa. Su tashi su kewaya saman rufin kwanon unguwa, su yi nisa har su ɓace mini. Babu igiya a ƙafar ko ɗaya. Kafin rana ta take sai in ji fuka-fukai a bayan ɗaki, in ƙirga su, in tarar sun cika.