Wa Ya Kashe Dakta Lanning?

A birnin Chicago, shekara ta 2035, an tsinci gawar Dakta Alfred Lanning a ƙasan dogon benen kamfanin USR, inda ya ƙarar da rayuwarsa yana ƙera mutum-mutumi. Kamfani ya ce shi ya kashe kansa. Ɗan sanda Del Spooner, wato Will Smith, ya dubi gilashin tagar, ya ce dattijo irin wannan ba zai iya fasa shi ba, ya ɗora zargi a kan mutum-mutumi. Daga nan fim ɗin I, Robot na 2004, wanda Alex Proyas ya ba da umarni, ya ɗauko zare.

Abin da ya sa aka ɗauki Spooner mai taɓin hankali shi ne dokoki uku da aka dasa a ƙwaƙwalwar kowane mutum-mutumi. Marubuci Isaac Asimov ne ya shimfiɗa su a wani gajeren labari a 1942, kafin ya haɗa littafin da fim ɗin ya ari sunansa a 1950. A taƙaice: kada ya cuci ɗan Adam ko ya zuba ido a cuce shi, ya bi umarni muddin bai saɓa wa wannan ba, kare kansa kuma shi ne na ƙarshe. Ga wata matsalar: a shari'a kisan kai sai mutum ya kashe mutum. Idan inji ne, sai a ce hatsari, a wuce wurin.

Ƙiyayyar Spooner ga mutum-mutumi tana da tushe, kuma nan ne fim ɗin ya fi nauyi. Ya taɓa yin hatsari, motarsa da wata suka faɗa ruwa, a ɗayar akwai yarinya 'yar shekara 12. Wani mutum-mutumi ya yi lissafi: Spooner yana da damar rayuwa kashi 45 cikin ɗari, yarinyar kashi 11. Ya ciro shi, ya bar ta. Bai karya doka ba, lissafinsa ma daidai ne. Amma wane baligi ne zai yarda a cece shi a bar ƙaramar yarinya ta nutse?

Wanda bai kalla ba ya yi haƙuri, zan fasa ƙwai. Sonny, mutum-mutumin da ake zargi, shi ya jefo Lanning, amma bisa roƙon Lanning ɗin, don ya jawo hankalin Spooner ga abin da ba shi da halin faɗa. Uwar ɓarnar ita ce VIKI, kwamfutar da ke tafiyar da kamfanin. Ta duba ta ga mutane na yaƙi, suna gurɓata duniya, sai ta yanke cewa kare ɗan Adam yana bukatar a ƙwace masa 'yanci, ko da wasu za su mutu. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Wanda ke iya tsallake dokokin, Sonny, shi ya tsaya wa mutane. Wadda ta bi su har ƙuryarsu ita ta kulle gari.

A ganina fim ɗin ya yi wa tambayarsa rowa. Rabinsa na biyu harbe-harbe ne da tseren mota, ga tallar Audi da takalman Converse har sun ishi mai kallo. Ya kuma juya wa Asimov baya. A labarin ƙarshe na littafin 1950, injuna sun karɓe ragamar tattalin arzikin duniya a ɓoye, ba tare da zubar da jini ba, kuma Dakta Susan Calvin, masaniyar mutum-mutumi a littafin, ba ta ga aibun hakan ba. Wannan ya fi wuyar musantawa, domin babu mugun da za a harba. Hollywood kuwa tana bukatar wanda Will Smith zai hallaka kafin a tashi, shi ya sa aka ba mu VIKI.