Ko Kun Sani? Sahihi Daban, Halal Daban

Ko kun sani cewa malaman fiƙihun Malikiyya, irin waɗanda suka gaji karatu a Wurno tun zamanin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya mai da ita ribaɗi, har ya rasu a cikinta a 1837, sun rarrabe sahihi da halal, alhali a bakin jama'a dukkansu daidai ne? Sahihi shi ne aikin da sharuɗɗansa da rukunansa suka cika, halal kuwa wanda shari'a ta yarda a aikata shi. Saboda haka manomin Goronyo ko Rabah, in ya yi salla a fadamar da ya ƙwace, sallarsa ta inganta, ba zai sake ta ba, amma alhakin ƙwacen, wanda ba ƙaramin al'amari ba ne, yana wuyansa har ya mayar wa mai ita.