Arnold Jacobs, gwanin busa mai ciwon fuka

Duk wanda ya taɓa kallon faretin soja ya san tuba, ko da bai san sunanta ba: ƙaton ƙahon nan na tagulla da ke can baya, mai amo kamar rugugin hadari. Kaɗan ne cikin kayan busa suka kai ta cin numfashi.

Abin mamaki, babban gwaninta a Amurka, marigayi Arnold Jacobs, da ciwon fuka ya rayu. Shekara 44 ya yi yana busa ta a babbar ƙungiyar makaɗa ta birnin Shikago, daga 1944 zuwa 1988. Har aka riƙa raɗe-raɗin wai huhu ɗaya gare shi. Biyu ne, ƙarfi ne dai ba su da shi.

Ya kuma duƙufa nazarin jikin ɗan Adam. Ɗakin koyarwarsa cike yake da na'urorin auna numfashi irin na asibiti, mabusa da mawaƙa suna zuwa daga ƙasashe barkatai, wasunsu sana'a na neman kuɓuce masu. Ba ya barin almajiri ya tsaya damuwa da leɓensa. Ya fara jin waƙar a ka tukuna, iska ta biyo baya.

Ya rasu ranar 7 ga Oktoba 1998, yana da shekara 83.