Gigin tsufa: shin da gaske akwai magani cikin tabar wiwi?

Kusan kowace unguwa akwai gidan da tsohuwa ke tambayar ɗiyarta ta cikinta: “Ke wace ce?” Ta ci tuwo yanzu, an jima ta ce ba a ba ta ba. Mu gigin tsufa muke ce masa, wasu marasa tausayi har maita suke laƙa wa baiwar Allah. Likitoci kuwa sun ce ciwon ƙwaƙwalwa ne, kuma nau'in da ya fi yawa shi ne Alzheimer, sunan likitan Jamus da ya bayyana shi a 1906. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta mutum miliyan 57 na fama da gigin tsufa a 2021, fiye da kashi 60 cikin ɗari a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin hali.

To, yanzu ga labari yana yawo a wayoyi wai Turawa sun gano maganin cikin tabar wiwi. Ina gaskiyar take?

Ganyen wiwi na ɗauke da sinadarai fiye da 100 na dangi ɗaya. Biyu suka yi suna: THC, wanda ke bugarwa, da CBD, wanda ba ya bugarwa. A 2017 masana a jami'ar Bonn ta Jamus suka yi makonni 4 suna ba tsofaffin ɓeraye ɗan kaɗan na THC. Sai ga tsofaffin suna gane hanya da tuna abu kamar matasa. Amma matasan ɓerayen da aka ba irinsa, tunaninsu baya ya yi. Wannan kashi na biyu ne masu yaɗa labarin ke mantawa. Kuma dai ɓera ba mutum ba ne.

Da aka koma kan mutane, abin bai kai yadda ake zuzuta shi ba. A Holan, a 2015, an gwada THC kan marasa lafiya 50, ba a ga bambanci ba tsakaninsa da ƙwayar da babu magani cikinta. A Toronto ta Kanada, a 2019, wani magani mai kama da THC da ake kira nabilone ya rage wa masu Alzheimer tada hankali da faɗa, sai dai kusan rabinsu barci ya riƙa kwasar su. A 2024 jami'o'in Johns Hopkins da Tufts na Amurka sun sanar cewa ƙwayar dronabinol ta rage tada hankali da kusan kashi 30 cikin ɗari, a gwajin mutum 75 na makonni 3.

Ku lura da kyau: kwantar da hankali aka samu, ba dawowar tunani ba. Wannan ma ba ƙaramin abu ba ne ga matar da ke kwana ido biyu tana gadin uwarta kada ta fita cikin dare, da safe kuma ga rumfa na jira. Amma waɗannan ƙwayoyi ne da aka auna da miligiram, likita na bisa kai. Ba su da haɗi da ƙullin da ake saidawa a bayan tasha, wanda mai saida shi ma bai san ƙarfinsa ba. Tsoho ya sha irin wannan, jiri ya ɗauke shi, ya faɗi ya karya ƙugu, an shiga wata sabuwar jinya.

Ga kuma doka. A Nijar wiwi haramtacce ne. A watan Maris na 2021 hukumar OCRTIS ta kama ton 17 na ƙwaryar wiwi a wani sito a Yamai. Duk mai talla da ya miƙo maki kwalbar “man wiwi na tsofaffi”, kuɗinki da ƴancinki yake wasa da su.

Abin da ke hannunmu ya fi araha. Wani kwamitin masana na mujallar Lancet ya ce a 2024 kusan kashi 45 cikin ɗari na gigin tsufa za a iya kauce masa ko jinkirta shi idan an kula da abubuwa 14, cikinsu har da hawan jini, ciwon suga, shan taba, raunin ji da zaman kaɗaici. Awon jini kuwa a likitar unguwa ma ana yin sa, kuma ba ya cin minti 5.