Tenani: Ƙauyen Da Masu Saran Kurmi Suka Koma Masu Gadinsa

Mai karatu, wannan karon za mu yi nisan kiwo, mu leƙa tsibirin Samar na ƙasar Filifin, can kudu maso gabashin Asiya. Ƙasar nan tarin tsibirai ce fiye da 7,000, Samar kuwa shi ne na uku wajen girma. Mutanensa ana ce da su Waray, haka ma harshensu, wanda mutum fiye da miliyan 3 ke ji a Samar da maƙwabcinsa Leyte. Wani abin ban dariya, kalmar "waray" a bakinsu ma'anarta "babu".

Mai niyyar zuwa yakan sauka daga jirgin sama a birnin Tacloban na Leyte, ya haye gadar San Juanico, wadda aka buɗe a 1973, mai tsawon fiye da kilomita 2. Daga nan sai mota zuwa garin Paranas, inda hanya ke yankewa ta haura cikin duwatsu har ƙauyen Tenani, a bakin kogin Ulot. Kogin ya kai wajen kilomita 90, yana ratsa kurmi har ya faɗa teku a Can-avid, gabashin tsibirin. Kafin a yi titi, shi ne hanyar mutanen yankin: ta kansa ake zuwa kasuwa, ta kansa ake kai marar lafiya.

Baƙon da ya iso da hantsi zai ji ana ce masa "Maupay nga aga", wato barka da safiya. Gidajen ƙauyukan nan da yawa na gora ne da katako, an ɗora su bisa dirkoki saboda ambaliya. Shinkafa ce uwar abinci, sai gwaza, rogo, dankali da ayaba. Ana huɗa da wata irin ɓauna ta gida mai son kwanciya cikin taɓo. Kuɗin kashewa kuwa yawanci daga busasshiyar kwakwa yake fitowa, wadda ake sayar wa masu matse mai. Da dare a shimfiɗa tabarmar da ake kira banig. Waɗanda suka fi suna su ne na matan garin Basey, masu saƙa su da wata ciyawar fadama, tikog.

Akwai al'adu biyu da Bahaushe zai gane nan take. In aiki ya fi ƙarfin gida ɗaya, maƙwabta sukan taru su yi shi ba da lada ba. Su suna cewa pintakasi, mu mu ce gayya. Ranar biki kuma akan yi rawar kuratsa, namiji na bin mace kamar zakara da kaza, 'yan kallo na watsa kuɗi ko su maƙala wa ango da amarya a riga. Ashe liƙi ba mu kaɗai muka iya ba! Galibinsu mabiya ɗarikar Katolika ne, kuma bikinsu ba ya rasa naman alade da tuba, giyar da ake tatsa daga bishiyar kwakwa, don haka baƙo Musulmi sai ya tambaya kafin ya sa hannu.

To amma abin da ya kawo mu Tenani shi ne labarin kwalekwalensu. Dogaye ne, sirara, masu inji, ba su da sandunan gefe irin na jiragen bakin teku, don su iya kurɗawa tsakanin duwatsu. Shekara da shekaru da su aka riƙa fitar da katakon da aka sara ba bisa ƙa'ida ba. Talaka na samun na cefane, kurmi na ƙarewa. Da ambaliya ta yi mummunar ɓarna a 1989, gwamnati ta dakatar da saran katako a tsibirin. A 2003 kuma aka keɓe hekta fiye da 330,000 a matsayin gandun da doka ta kare, ofishinsa yana nan Tenani. A wannan kurmi ne, a yankin Paranas, wani Baturen Ingila, John Whitehead, ya samo gaggafar Filifin a 1896. Faɗin fukafukanta ya kai mita 2, yau ita ce tsuntsun ƙasa, kuma saura ƙiris ta ƙare.

Doka dai ba ta cika ciki. Wanda ka hana sara, in ba ka ba shi wata sana'a ba, da dare zai koma da zartonsa. Dabarar da aka yi ita ce, matuƙan kwalekwalen suka kafa ƙungiya mai suna TORPEDO, suka koma ɗaukar 'yan yawon buɗe ido. Tafiyar kimanin kilomita 10 ce cikin ruwa mai gudu, matuƙi na baya da inji, wani na gaba yana kauce wa duwatsu. Sanin kogin da suka samu lokacin satar katako, shi ne jarinsu yanzu. Baƙo ba zai biya kuɗi ya kalli kututture da jan ruwa ba, saboda haka kowace bishiya da ke tsaye abincinsu ce.

Ba a ce an gama ba. Baƙi ba kullum suke zuwa ba, guguwa kuma ba ta raga wa yankin. Ta Haiyan a 2013 ta hallaka mutum fiye da 6,000 a ƙasar. Duk da haka mutanen Tenani sun gwada cewa wanda ya san inda ake shiga daji, shi ya fi kowa iya tsaronsa, muddin tukunyarsa na kan wuta.