Numfashi a matsayin ma'aunin waƙa: mazhabar Black Mountain a Amurka

A shekarar 1950, ƴan shekaru bayan Yaƙin Duniya na Biyu, mawaƙin Amurka Charles Olson (1910-1970) ya wallafa wata maƙala mai suna "Projective Verse". A cikinta ya soki tsohon tsarin waƙar Ingilishi, wanda ke ƙidaya gaɓoɓin ɗango tun kafin mawaƙi ya san abin da zai faɗa. A ganinsa, gaɓa aikin kunne ce, amma tsawon ɗango numfashin mawaƙi ne ke yanke shi: inda murya ta tsaya, nan ɗango ya ƙare. Daga abokinsa Robert Creeley ya karɓi ra'ayin cewa abin da waƙa ta ƙunsa shi ke haifar da siffarta. Wannan shi ake kira buɗaɗɗen tsari.

Mazhabar ta samo sunanta daga kwalejin Black Mountain a jihar Karolina ta Arewa, wadda aka buɗe a 1933, aka rufe a 1957. Olson ya shugabance ta a shekarunta na ƙarshe. Creeley kuwa ya fitar da mujallar Black Mountain Review daga 1954 zuwa 1957, fitowa 7. Cikin waɗanda ake dangantawa da mazhabar akwai Robert Duncan da Denise Levertov. Sunansu ya bazu ne a 1960, sa'ad da Donald Allen ya tattara waƙoƙinsu cikin wani kundi na sababbin mawaƙa.

Abin lura ga manazarcin harshe shi ne matsayin da Olson ya bai wa keken rubutu. Tun da yake kowane harafi nasa faɗinsu ɗaya, mawaƙi na iya auna shiru da yawan gurbin da ya bari, har takarda ta nuna wa mai karatu inda zai dakata.

Irin wannan tunani ya kai ga nazarin adabin baka. A 1972 Dennis Tedlock ya wallafa labaran mutanen Zuni, yana yanke layi duk inda mai ba da labari ya numfasa. Tambayar da ya fuskanta ita ce ke gaban duk mai juyar waƙar baka ko tatsuniya daga kaset zuwa takarda: a ina layi zai ƙare? In aka cusa ta cikin sakin layi irin na zube, kalmomi sun tsira, amma tafiyar muryar ta salwanta, sabon mai karatu kuma ya rasa jagora.