FITILAR TIRELA MAI ƘIFTAWA: DALILANTA DA HANYAR GYARA TA

Ya ku direbobi da masu motocin da ke jan tirela, ku sani fitilun baya su ne harshen da kuke magana da wanda ke biye da ku cikin dare. Da su ne yake gane za ku tsaya, ko kuwa za ku karkata dama ko hagu. Idan fitilar tana kawowa tana ɗaukewa, to, maganar ta zama ƙarya, na baya kuwa yana iya afka wa tirela kafin ya ankara. Saboda haka wajibi ne a gyara ta tun kafin a hau hanya.

Abin da ya kamata a fara sani

A yau tireloli da yawa suna amfani da fitilar LED maimakon ƙwai mai zare na dā. Tsohon ƙwan birki ko na sigina yakan ci wat 21, amma LED ba ta cin ko rabin haka. Bugu da ƙari, zaren tsohon ƙwai sai ya yi zafi kafin ya haska, kuma ba ya hucewa nan take, don haka yakan ɓoye 'yar yankewar wuta. Ita kuwa LED, da zuwan wuta da haskawarta duk ɗaya ne, haka nan ɗaukewarta. Ke nan, galibi ba fitilar ce ta lalace ba, tona asirin wata ɓarna take yi a hanyar wutar. Kada a yi gaggawar sayen sabuwa, sai an bi waɗannan matakai bi da bi.

Na ɗaya: hanyar komawar wuta

Wutar lantarki ba ta aiki sai ta je ta dawo. A wayarin tirela, na ƙirar Turai da na Amurka, farar waya ita ce hanyar komawa, kuma a jikin ƙarfen tirela ake ɗaure ta. Nan ne mafi yawan matsala take. Alamarta ita ce fitilu su riƙa ƙiftawa duk sa'ad da aka faɗa rami, ko kuwa a taka birki sai sauran fitilu su dusashe. A kwance notin, a kankare tsatsa da fenti har ƙarfe ya yi fes, sa'an nan a ɗaure tamau. Domin tabbatarwa, a ja wata waya daga kan batir mai alamar ragi zuwa ƙarfen tirela. In ƙiftawa ta daina, an gano ɓarawon. Kada a dogara da ƙarfen da ya haɗa mota da tirela ya zama hanyar komawa, gama motsi da giris sukan yanke ta.

Na biyu: filogi da soket

Ruwan damina da ƙurar hunturu sukan taru a cikin soket mai baki 7, har tagullar ta yi kore. A kashe mota, a goge kowane baki, a tabbata yana kamawa sosai. A irin na Turai, ja ita ce wayar birki, rawaya ta siginar hagu, koriya ta siginar dama, baƙa da ruwan ƙasa kuwa na fitilun dare ne. Sa'an nan a kunna fitilu, mutum ɗaya ya riƙa girgiza waya gaɓa gaɓa, wani yana kallo daga baya. Inda aka taɓa fitila ta ƙifta, nan ɓarnar take. Duk wayar da aka murɗa da hannu aka naɗe da leda, a sake haɗa ta da dalma.

Na uku: kwamfutar mota

Motoci da yawa na zamani, musamman ƙirar Turai, sukan aika 'yar wuta kaɗan kaɗan domin su duba ko ƙwai ya mutu. Wannan ba ta isa ta kunna tsohon ƙwai ba, amma takan sa LED ta ƙifta. Alamarta ita ce ƙiftawa a jere, daidai wa daida, ko da mota tana tsaye. Haka kuma sigina, wadda ƙa'idarta ta ƙifta sau 60 zuwa 120 cikin minti ɗaya, takan kama sauri domin motar tana zaton ƙwai ya ƙone. Maganin wannan shi ne a sa na'urar sigina wadda aka ƙera domin LED, ko akwatin wayarin tirela da ya dace da motar, ko kuwa rizista mai om 6 da wat 50 a mota mai volt 12. Amma a lura, rizista takan yi zafi ƙwarai, sai a jikin ƙarfe ake ɗaure ta, nesa da roba da waya.

Na huɗu: ƙarfin wuta

Ƙananan motoci volt 12 suke da shi, manyan motocin dakon kaya kuwa yawanci 24. A karanta abin da aka rubuta a jikin fitila kafin a saya. A mota mai volt 12, lafiyayyen batir yakan nuna kimanin 12.6 in inji yana kashe, ya kai wajen 14 in yana aiki. Idan mita tana hawa da sauka, to, na'urar caji za a duba.

In duk waɗannan sun tabbata lafiya, sai a ciro fitilar a gwada ta kai tsaye a kan batir. Idan har yanzu tana ƙiftawa, ita ce ta lalace, sau da yawa saboda ruwa ya shige ta. A nan ne sayen sabuwa ya zama dole.

Jan kunne

Duba fitilu ba ya cin fiye da minti 5. Kowace tafiya, bayan an haɗa tirela, yaron mota ya tsaya a baya, direba ya gwada birki, da sigina biyu, da fitilun dare. In an ga ƙiftawa a kan hanya, a nemi wuri mai kyau a tsaya, a ajiye alamar gargaɗi, kada a ce bari a lallaɓa zuwa gari na gaba. Jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, suna da ikon tsayar da motar da fitilunta ba su da lafiya. Amma tarar da za a biya ba kome ba ce in an gwada ta da ran wanda ke biye da ku. Rigakafi ya fi magani.